Kisa a Wasan Bidiyo: Laifi Ne Ko Wasa?

Baban Amira: Jiya na tarar da ƙanena a ɗaki yana buga wasan bidiyo na GTA. Ya hau da mota gefen titi yana take masu tafiya a ƙasa, yana ta ƙyalƙyala dariya. Da na yi masa faɗa sai ya ce, "Yaya, wa ya mutu?" Na kwana ina juya maganar, na ga gaskiyarsa. Inda ba a cuci kowa ba, ba laifi.

Malam Habu: Ranka ya daɗe, a nan Morgan Luck, malamin falsafa a Ostireliya, ya kafa tarkonsa a 2009. Cewa ya yi, in hujjar ita ce ba wanda ya cutu, ai wasan da ake lalata da ƙananan yara a cikinsa ma ba wanda ya cutu. Za ka bar yaron ya buga irinsa?

Baban Amira: A'uzubillahi!

Malam Habu: To ka gani. Ko ka halatta duka, ko ka haramta duka, ko ka fito da bambancin.

Maman Hanif: Malam, bambancin ai a fili yake. Harbi a wasan yaƙi irin PUBG kamar cin ɗan dara ne, nasara ake nema. Mai wancan kuwa muguwar sha'awarsa yake kiwo. Ayyuka ai da niyya suke.

Malam Habu: Hajiya, yaron nan ba nasara yake nema ba. Wasan bai ce ya take kowa ba, shi ya ga dama, kuma daɗi ya ji.

Sadiq: Ku yi haƙuri iyayena in sa baki. A 2020 ƙungiyar masana halayyar ɗan Adam ta Amurka ta ce babu isasshiyar hujjar da ta nuna wasannin nan na sa mutum aikata ta'asa. Ɗan tsawa da ture-ture ne aka ga alaƙarsu da shi, ita ma 'yar kaɗan.

Maman Hanif: Sadiq, ba kisa nake tsoro ba, dariyar nake tsoro. Tun zamanin Aristotle, masanin falsafar Girka, ake cewa abin da mutum ke maimaitawa shi ke zama halinsa, da wannan wani malamin falsafa, Matt McCormick, ya kafa hujja a 2001.

Sadiq: Anti, shekara biyar ina harbi a waya, har yau ban iya yanka kaza ba.

Baban Amira: Ƙarfe biyu yaron zai dawo daga makaranta. In ƙwace na'urar ne ko in miƙa masa?