Kasafi a Excel, ciniki a Odoo, rahoto a Power BI: ta ina za a haɗa su?

Akantan Sito: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Kamfanin rarraba kayan masarufi ne mai rassa huɗu. Saye da sayarwa da sito suna cikin Odoo, manhajar gudanar da kasuwanci, kasafin shekara yana Excel, shugabanni kuma a Power BI, manhajar haɗa rahoto daga bayanai, suke duba rahoto. Duk ƙarshen wata alƙaluman wuraren uku sai sun saɓa. Wace manhaja za a ƙaro?

Hajiya Mai Bincike: Wa alaikumus salam. Malam, a dakata da sayen manhaja tukuna, a fara da lambobi. Jadawalin asusun da ke Odoo shi ne uwa, kasafi ya bi lambobinsa ɗaya bayan ɗaya. In mai kasafi ya rubuta "Sufuri" a layi guda, alhali Odoo ta raba shi zuwa man mota, gyara da kuɗin lodi, babu manhajar da za ta daidaita su. A yi teburi ɗaya mai nuna kowane asusu da layin kasafin da yake faɗawa, a damƙa shi ga mutum ɗaya. Duk asusun da aka buɗe sabo, ranar nan ya shiga teburin. Haka lambobin rassa da na kaya.

Injiniyan Bayanai: Gaskiyar Hajiya. Sai a kula da alkibla. Abin da aka kashe da abin da aka samu daga Odoo kaɗai zai fito. Kasafi da hasashe su fito daga Excel. Su haɗu a rumbun bayanai na uku, ko da ƙarami ne na manhajar rumbu ta PostgreSQL, Power BI ta ɗiba daga can. Kowane dare a kwaso teburin account_move_line, inda Odoo ke ajiye layukan lissafi, amma layukan da aka tabbatar kawai. Waɗanda ke matsayin daftari su ne suka fi kumbura ciniki a rahoto. Kasafin kuma a miƙe shi tsaye: asusu, reshe, wata, siga, adadi. Ginshiƙin siga shi ke bambanta kasafin asali da wanda aka gyara a tsakiyar shekara, kada sabo ya hau kan tsoho.

Ƙanin Zaure: Yaya Injiniya, me zai hana Power BI ta shiga rumbun Odoo kai tsaye? Ai an rage wahala.

Injiniyan Bayanai: Ƙanena, rahoto mai nauyi zai riƙa jan manhajar da masu sayarwa ke aiki a kanta da rana tsaka. Kuma in Odoo Online ce, wadda ke kan sabar kamfanin Odoo, ba a ba ka ƙofar rumbun ma, sai ta API, hanyar da wata manhaja ke neman bayanai daga wata. In rumbun yana kan sabar ofis, sai an girka gateway, manhajar da ke haɗa Power BI da sabar, kwamfutar kuma ta kwana a kunne, don haka a tanadi inbata. Lasisin Pro na Power BI sau 8 yake sabunta bayanai a rana, ya wadatar.

Hajiya Mai Bincike: Ga inda kuɗi ke ɓuya. Odoo tana ajiye sa'o'i da agogon duniya na UTC, Najeriya kuma tana gaba da awa ɗaya, to odar da aka shigar 12:30 na daren 1 ga wata za ta koma watan jiya in an bi sa'ar shigarwa. A bi ranar lissafi. Excel yana cinye sifirin farko, 00451 ta zama 451, kayan ya rasa mahaɗi, saboda haka a mayar da ginshiƙin ya zama na rubutu. Harajin VAT na kashi 7.5 kada ya shiga ciniki in kasafi babu shi. Sannan ma'auni: sito na ƙirga katan, mai kasafi na ƙirga ɗaiɗai.

Malam Mai Kasafi: A ƙara da canji. Tun da Babban Banki ya haɗe farashin canji a Yunin 2023, kasafin da aka gina kan farashin dala ɗaya tilo ba ya kai shekara. A ware wa farashin teburinsa wata-wata, don a gane gibin da canji ya jawo da wanda raguwar ciniki ta jawo.

Akantan Sito: Na gode ƙwarai. To wa zai tabbatar sun daidaita?

Hajiya Mai Bincike: Kai ne, Malam, kafin rahoto ya fita. Ka sa ranar kulle a Odoo da zarar an rufe wata, don kada wani ya shigar da rasit a baya. Sannan ka gwada jimillar kowane asusu a rumbu da ma'aunin gwaji na Odoo, wato rahoton da ke jero jimillar kowane asusu. Bambancin ya zama sifiri, kuma a sa shafi guda a Power BI mai jero asusun da ba su da layi a teburin haɗa asusu da kasafi.