Linux Mint ya ƙi barina in shiga, sai dawo da ni yake wajen lambar sirri

Ɗan Garin Malam:
Salamu alaikum 'yan uwa, don Allah a taimaka min. Shekaranjiya na cire Windows daga wata tsohuwar HP da na saya ta hannu, na sa Linux Mint 22 da kile USB, komi ya tafi daidai har na yi aiki da ita yini guda. To jiya da dare kuran ya ɗauke batirin kuma ya mutu tuni, da na kunna ta yau in na rubuta lambar sirri sai allon ya yi baƙi kamar sakan biyu sannan ya maido ni wajen da na fara, haka nake ta yi tun asuba. Takarduna na jami'a duk suna ciki wallahi hankalina a tashe yake, kar dai sai na sake sakawa daga farko?

Na Zango:
Wa alaikumus salam. Ka duba maɓallan tukuna, mu nan injinanmu rabi AZERTY ne na Faransa rabi QWERTY masu shigowa ta Kano, in ka zaɓi wanda ba shi ba wajen sakawa to A da Q sun sauya wuri, kuma a AZERTY sai ka riƙe Shift kafin lamba ta fito. Ni abin da ya taɓa wahal da ni kenan.

Ɗan Garin Malam:
Na gode yaya amma ba shi ba ne, da gangan na rubuta ba daidai ba sai ya ce min lambar ba ita ba ce, in na sa ta gaskiyar kuwa ba ya cewa komi, baƙi kawai ya dawo.

Malamin Birni:
Kar ka goge komi ƙanena, takardunka suna nan lafiya lau. Tunda ya karɓi lambar to tebur ɗin (wato desktop, allon aikin da ke buɗewa bayan ka shiga) ne ke kasa tashi. Danna Ctrl+Alt+F2 za ka ga baƙin allo da rubutu kawai, sa sunanka da ƙananan baƙaƙe sannan lambar sirri, ba za ka ga ko tauraro ɗaya ba yayin da kake bugawa, haka yake kar ka tsorata. In ka shiga rubuta

ls -la ~

ka nemi wani ɓoyayyen fayil mai suna .Xauthority ka ga sunan wa ke gabansa. Mint da LightDM (manhajar allon shiga) yake buɗe ƙofa, kuma dole wannan fayil ya zama naka, in root (babban asusu mai cikakken iko a injin) ya mallake shi to ba ka da ikon rubutu a ciki, shi ya sa ake koro ka waje. Yawanci mutum ne ke jawowa da hannunsa in ya buga sudo startx, wato ya tada tebur ɗin da ikon root. Ka kuma buga df -h, don in faifan ya cika 100% irin wannan ciwon yake kawowa, Timeshift, manhajar da ke ajiye kwafin tsarin, kan cinye wuri in ka ba tsarin fili kaɗan. Na ga yara da yawa suna sake sakawa kan abin da layi ɗaya ke gyarawa, abin na ba ni haushi sosai.

Ɗan Garin Malam:
Kai Malam kamar kana wajen! Faifan 31% ne kawai, amma root root ne a gaban fayil ɗin. Gaskiya da safe da na kunna ta ya tsaya a baƙin allo, wani abokina ya ce in buga sudo startx na buga.

Malamin Birni:
To shi ne. Buga

sudo chown sunanka:sunanka ~/.Xauthority

ka sa sunanka na gaskiya a wurin, sannan Ctrl+Alt+F7 ka koma ka gwada. In ya ƙi, turo min layukan ƙarshe na fayil ɗin kurakurai .xsession-errors mu gani.

Ɗan Garin Malam:
Alhamdulillahi ya buɗe, komi na nan! Allah ya saka da alheri Malam, ya ƙara ilimi. Yanzun nan zan kwafe takardun a kile kafin kuran ya sake tafiya.