Don Allah ku ba ni shawara kan tafiyar yarana makaranta a ƙasa

Maman Ihsan: Assalamu alaikum 'yan uwa. Muna zaune Mabera cikin garin Sakkwato, yarana uku na firamare. Da akwai mai kabu-kabu da ke kai su, mutumin kirki, har tuwon sallah nake aika wa matarsa. Tun da aka cire tallafin mai a 2023 yake ƙara kuɗi muna haƙuri, watan jiya ya sayar da mashin ɗin. Maigida yana Illela wajen harkar albasa, sai Juma'a yake dawowa. Ya ce su tafi a ƙasa, shi ma haka ya yi karatu, surukata ta goya masa baya. Jiya na bi su a baya ba su sani ba. Takalmin ƙaramar ya cire a tsakiyar kwalta, ta fizge hannunta daga na yayanta ta koma ɗaukowa. Mai Napep ya taka burki har matar da ke ciki ta saki salati. Wallahi ban runtsa ba.

Baban Gawon Nama: Wa alaikumus salam. Hajiya, wanga ba abin tada hankali ba ne, haka munka taka mu duka. Koyarwa ce ba ki yi ba. Su bi gefen hagu suna kallon motar da ke tahowa, kada ta biyo bayansu. In za su ƙetare su tsaya cik, su duba hagu, dama, su sake duba hagu, don motar hagu ke fara iso musu. Abin da ya faɗi bisa kwalta a bar shi.

Ummu Sadik: Shekararsu nawa? Wane titi suke ƙetarawa? In baifas ne mai tireloli, kada ki yarda.

Inna ta Arkilla: Baba, zamaninku akwai mashina haka? Ni ɗana ɗan kabu-kabu ya buge a ƙofar gida, ya gudu, wata biyu muna jinyar ƙafa. Uban bai ba da ko sisi ba, 'yan kunnena na sayar. Ga tashin ƙarfe biyu a watan Afrilu, zafi ya haura digiri 40, yaro ya dawo leɓe a bushe.

Baban Gawon Nama: Allah shi ƙara mai lahiya. Amma ai a ƙofar gida anka buge shi. A ba su gorar ruwa da hula, shi ke nan.

Ummu Sadik: Mu a layinmu karɓa-karɓa muke yi, kullum uwa ɗaya ke raka yara takwas. Gwada da maƙwabta, ko ki maido su makarantar kusa.

Maman Ihsan: Na gode, amma ina da jaririya, kuma ni da maƙwabciyata sai gaisuwa tun rigimar kwata. Makarantar kuwa ba zan canza ba, na biya kuɗin zango, suna ƙoƙari a hadda. Baba, ina koya musu fa, kullum sai na yi musu addu'a na ja kunnen babban.

Baban Gawon Nama: Jan kunne daban, koyarwa daban. Ki goya jaririyar ki bi su sati guda, ki sa su ƙetare a gabanki.

Ummu Sadik: Maman Ihsan, har yanzu ba ki faɗi shekarun ƙaramar ba.