Ta yaya zan gane kamfanin da ya ƙera tsofaffin kwanukan gilashi?

Maman Husna:
Assalamu alaikum. Na fara tara tsofaffin kwanukan gilashi na kicin, kuma akwai guda uku da nake neman taimakonku a kansu. Na farko farin kwano ne mai launin madara, a ƙasansa akwai babban harafin H da ƙaramin A a tsakanin ƙafafunsa, kuma wanda ya sayar mini ya ce na Anchor Hocking ne. Na biyu yana da murfi, an rubuta masa Pyrex tare da hoton kambi da haruffan JAJ. Na uku kofi ne kore mai duhun madara wanda ba shi da tambari ko kaɗan. Shin akwai hanyar tabbatar da asalinsu?

Malam Mai Tarihi:
Wa alaikumus salam, Hajiya. Mai sayarwar ya yi kuskuren da mutane da yawa ke yi, domin wannan tambari na Hazel-Atlas ne, kamfanin da aka kafa a 1902 mai hedikwata a Wheeling ta jihar West Virginia a Amurka. Haruffan ne ke ruɗar mutane saboda sun yi daidai da farkon sunan Anchor Hocking, alhali tambarin Anchor Hocking hoton ankar jirgin ruwa ne haɗe da H, kuma kayansa masu jure zafi, waɗanda ya fara fitarwa daga Lancaster ta jihar Ohio a 1942, yawanci suna ɗauke da sunan Fire-King a rubuce. Idan kuma wata rana kika ga F a cikin garkuwa, to na Federal Glass ne na birnin Columbus, wanda ya rufe a 1979.

Kwanonki na biyu ya fi sauƙi. Kamfanin Corning ne ya fito da Pyrex, wato kayan gilashi masu jure zafi, a Amurka a 1915, amma a farkon shekarun 1920 kamfanin James A. Jobling na Sunderland a Ingila ya sami lasisin yin sa, kuma JAJ farkon sunansa ne. Saboda haka naki ɗan Ingila ne, kuma kada ki ɓata lokaci kina neman zanensa a jerin na Amurka, tunda kowane ɓangare yana da nasa zane-zanen.

Hajiya Mai Kwanuka:
Ina goyon bayan Malam, amma bari in tsaya a kan koren kofin, domin a nan ne aka fi cutar masu saye. Aƙalla kamfanoni uku ne suka shahara da wannan launi: McKee da Jeannette, dukansu a garin Jeannette na jihar Pennsylvania, waɗanda suka fara yin sa a shekarun 1930, sai Anchor Hocking mai Fire-King daga baya. Ki samo irin fitilar da ake duba jabun kuɗi da ita, ki haska kofin a cikin duhu. Yawancin kayan McKee da Jeannette na wancan zamani suna ƙyalli da kore mai haske saboda ɗan sinadarin yuraniyom da aka zuba a gilashin, na Fire-King kuwa ba sa yi. Sai dai rashin ƙyalli bai isa hujja ba, domin yawancin sababbin da ake yi yau a kwaikwayi na da su ma ba sa ƙyalli.

Daga nan sai ki koma ga siffa. Ki dubi yadda hannun kofin ya lanƙwasa, kaurin bakinsa, da layin da mazubin ya bari a jikinsa, ki gwada su da hoton wanda aka tabbatar da tambarinsa. Ki kuma shafa da'irar da kofin ke zama a kanta: wanda ya shekara da shekaru ana amfani da shi za ki ji ta ɗan yi kaushi da ƙananan karce, sabo kuwa sumul take. Wasu kayan na asali takarda kawai aka manna musu, wadda ta ɗaye tun wankin farko, don haka rashin tambari ba ya nufin jabu ne. A ganina, idan siffar ba ta dace da wani sanannen samfuri ba, gara ki rubuta cewa ba a tantance shi ba, maimakon ki laƙaba masa suna.

Abban Sadiq:
Ƙarin bayani kaɗan, idan Pyrex na Amurka ya shigo hannunki. Lambar da ke ƙasa ta samfuri ce, ba shekara ba ce. Jerin kwanukan kwaɓi huɗu da suka fito a 1945 suna da lamba 401 shuɗi, 402 ja, 403 kore, 404 rawaya, kuma an daina yin farin Pyrex mai fenti a 1986. Ina kuma roƙonki kada ki sa su a injin wanke-wanke, domin yana kashe sheƙin fentin har abada, kuma zanen da ya dushe yana wahalar ganewa.

Maman Husna:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na haska kofin bai yi ƙyalli ba, don haka zan ɗauki hoton hannunsa da ƙasansa in turo, Hajiya ta taimaka mini mu gwada shi da na Fire-King.