Gwafar ɗora sandar fatsa, wace iri zan saya?

Na Maiwurno: Slm jama'a, dan Allah shawara nake nema. Ina so in sai abin ɗora sandar fatsa irin mara nauyin nan, a ƙafa nake sauka bakin kogi, ga jaka ga gwangwanin tana ga ruwan sha, rodin da nake kafawa kuma nauyi gare shi ba kaɗan ba. Na alminiyom zan saya ko yaya?

Kawun Sinja: Wa alaikumus salam. Ɗana ka sari gwafa a bakin ruwa ka kafa, in ka tashi ka bar ta nan ga na baya. Wane rashin nauyi ya wuce wannan?

Na Maiwurno: Kawu inda nake zama babu itace kusa, kuma ɗanyen reshe rawa yake in iska ta taso, sai ka rasa kifi ne ya taɓa ko iska ce

Direban Kosti: Ni dai na alminiyom mai zugewa ɗin nan, wanda ake ja ya yi tsawo a ɗaure da 'yar kusar roba, wlh ban ba ka shawara ba. A wani shago na sai nawa, mai shagon har rantsuwa yake min wai ko giwan ruwa ba zai girgiza shi ba. A hannu kam ba ka jin ka ɗauki komai, jaka ma ya shige lafiya lau. Na kai shi ruwa bayan la'asar, wajen laka ce mai taushi, na soka ya shige sumul, na sa hanjin kaza na jefa na ɗora sanda na koma gefe ina ɗaura wata fatsar, ban ankara ba sai ji na yi ƙas, kusar robar ta balle, saman ya zame ya koma ciki, ƙasan ya lanƙwashe a cikin lakar, sanda ta bi ruwa ina kallo da injin zaren da komai. Tarwaɗa ce babba, don ƙasa ta ja ba ta ko ɓullo ba. Sandar nan ƙanina ne ya aiko min da ita daga Saudiyya, har yau abin na ci min rai. Da na koma wajen mai shago sai cewa ya yi ai ba don manyan kifi aka yi shi ba. To ranar da kake rantsuwa fa? Kuma ko bai karye ba ruwanku na kogin Shuɗin Nilu nan Sudan laka gare shi, tana shiga tsakanin bututun biyu, in ta bushe sai ya cije, ba ya zuguwa ba ya komawa.

Na Madani: Allah ya mayar da alheri ɗan'uwa

Baban Yara Damazin: Amin. Amma direba da injin a sake yake ai zare kifin zai ja ba sanda ba

Direban Kosti: A sake yake malam, ƙarfen ne ba shi da ƙwari, kana wajen ne?

Mai Walda Sinnar: Ku yi haƙuri in sa baki tunda aikina ne. Alminiyom ba shi da laifi, nauyinsa wajen kashi ɗaya ne cikin uku na baƙin ƙarfe, matsalar bututun da suke yi siriri ne kamar gwangwanin madara. Kai Na Maiwurno rodinka mai mili nawa ne? In mai 12 ne mita ɗaya ta kusa giram 900, mai 8 kuwa ba ta kai giram 400 ba. Ka sa a yanka maka mai 8 santimita 70, a fiƙe ƙasan, a yi masa baki biyu a sama, sannan a ɗan manna guntun ƙarfe a gicciye wajen taƙi ɗaya daga tsinin, shi za ka taka da ƙafa ya shige, shi ne kuma zai hana shi juyawa a laka. Bakin ka naɗe shi da robar tayar keke don kar ya goge maka sanda. Guda biyu za ka yi, na gaba dogo na baya gajere mai riƙe gindin sandar.

Na Maiwurno: Mai 12 ne kuwa. Tsatsa fa?

Mai Walda Sinnar: Fenti, kuma ka goge in ka dawo. Ruwan daɗi ne ba teku ba

Na Jidda: Mu nan gishiri ba ya barin baƙin ƙarfe, sai dai mara tsatsan nan mai sheƙi, yana da ɗan nauyi amma ka saya ka huta. Akwai na kabon kuma, shi ne ƙarshen rashin nauyi sai dai tsada, kuma kar ka kuskura ka buga shi da dutse don ya shiga ƙasa, tsagewa yake. In wajen duwatsu ne irin ƙasan hazan na Sinnar, wato madatsar ruwa, to mai ƙafa uku kawai, ka rataya masa jakar yashi a tsakiya.

Baban Yara Damazin: Mu nan gora muke yi, ta cika kasuwa. Busasshiya ka fere ƙasan ka yi mata gurbi a sama, ba nauyi ba tsatsa, in ta ɓata ba ka yi asarar komai ba. Amma in baƙar ƙasar nan ta bushe ta tsattsage da rani gora ba ta shiga, sai ka nemi tsaga ka cusa

Sarkin Koma: Duk wannan surutun akan kifi ɗaya ɗaya? Ku zo ku shiga jirgi ku ga su na gaske

Na Madani: An fara. Kai da komarka mai ƙananan ido kun kwashe har 'ya'yan karfasa, shi ya sa mu na gaɓa muke wuni ba ko taɓawa

Sarkin Koma: Ka tambayi mutane ni ba na sa ƙaramin ido, ka iya bakinka

Kawun Sinja: Ku bari mana, ku duka 'ya'yana ne. Abin da zan ƙara shi ne ku lura da ruwa. Hazan na Sinnar tun 1925 yake, na Rusairis 1966, iyayenmu sun san lokacin cika da lokacin janyewa, amma tunda Habasha suka fara tare nasu a 2020 lissafin ya canza. Kar mutum ya kafa kayansa dab da ruwa ya je sallah ko shan jabana, wato gahawa, in an buɗe ƙofofi zai dawo ya tarar gaɓar ta nutse.

Na Jidda: Gaskiya ne Kawu. Kuma da damina in hadari ya haɗo a kwantar da sandar kabon, tana ɗaukar wutar aradu

Direban Kosti: Mai walda in na tura kuɗi ta Bankak, manhajar bankin nan, za ka yi min biyu ka ba wa mota?

Mai Walda Sinnar: Sai an kawo wuta, ka min magana ta gefe. Ja zan shafa maka ko shuɗi?

Direban Kosti: Shuɗi mana, ni a ƙwallo ɗan Hilal ne kar ka kawo min jar kalar abokan hamayyarmu Marik gida

Na Maiwurno: To ni yanzu rodi mai 8 ko gora?

Inna Mai Suya: Ku dai ku kamo. Wa ke da karfasa manya gobe da safe, mai ya yi tsada ba zan ɓata shi akan ƙurungu ba