Shawarwari ga mawaƙan rock masu son shigo da okestra

A wata tattaunawa da makaɗa da masu sauraro suka yi kan ƙungiyoyin rock da ke komawa salon okestra, wato babbar ƙungiyar makaɗa masu goge, ƙahoni da sauran kayan kiɗa, shawarar da ta fi yawa ita ce a rubuta waƙar tun farko da gurbin gogen Turawa da ƙahoni. Idan an gama waƙa sannan aka lafta mata su, kunne yana ganewa, sai ka ji jita da goge suna kokawar neman wuri. Shi ya sa wasu suka nace a samo mai tsara kiɗa wanda ya san ɓangarorin biyu, kamar yadda ƙungiyar Metallica ta yi aiki da mai tsara kiɗa Michael Kamen da okestrar San Francisco a 1999. Ƙungiyar Deep Purple ma ta gwada haɗa rock da okestra tun 1969 a Landan.

Mai ganguna kuwa, an ce ya sassauta hannu, in ba haka ba zai danne kowa.

Kan tsofaffin masoya aka rabu. Wasu sun ce a bi su a hankali, waƙa ɗaya ko biyu a kundi. Ni dai na fi karkata ga masu cewa a fara tunanin dandali, domin ɗaukar makaɗa masu yawa yawon wasanni ba ƙaramin kuɗi ba ne.