Daga dutsen Birni zuwa gonar Tirmini

Mai Kyamara:
Salamu alaikum 'yan zaure. Na zo gida Damagaram hutu, na ɗan zaga gari. Ga hotuna uku da baitocinsu. Mai amsawa ya riƙe mini "ra".

Na hau dutse tun da jijjifi,
Rataye a wuyana ga kyamara.
Birni na ƙasa, soraye jajaye,
Hayaƙin murhu yanzu ya fara.
Na ɗau fada, ƙofa da dogarai,
Ja da kore, ado ba takara.
Na ɗau barikin da ke bisa tudu,
Kazamaju, sunan kaftin na Nasara.
Na gangara kushewun Faransawa,
Shiru kake ji, sai tsuntsu da fara.
Sai tausayi ya kama ni a wurin:
Mutuwa nesa da gida, ba mai ziyara.

Baba Ɗan Birni:
Ɗana, hotunanka sun yi kyau,
Tausayin ne dai yake son gyara.
Kazamaju bai zo mana da goro ba,
Wajen Rabe mai mulkin Borno ya nufa da shawara.
Tsoron sarki su haɗa kai su biyu,
Su sa Damagaram tsaka su sara.
A 1898 aka kashe shi a nan,
Shi da tafinta, rijiya ce makara.
Shekara na juyowa ga bindigogi,
A Tirmini mu muka kwashi asara.
Sarki Amadu Kuran Daga ya rasa ransa,
Nasa hoton fa? Ina nan ina jira.

'Yar Zango:
Baba a gafarce ni, kun cinye "ra" ku biyu, ni na koma "wa".

Kuran Daga bai ɓace ba, Baba,
A lise mai sunansa na samu wayewa.
Ni abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya,
Ganuwar Sarki Tanimun ce ke zubewa.
Shi da ya sa aka ƙera igwa a garin nan,
Katangarsa damina ke cinyewa.
Yaya, bar bariki, yana nan daram,
Zo ka ɗau guntun da ke ragewa.
Gidan kakata mai zane a goshi,
Bara aka sa siminti, sai shafewa.
Ko hoto ɗaya ba mu ajiye ba,
In na tuna har yau ina jin ƙwarewa.

Ɗan Mirya:
Ku 'yan birni da kukan katanga,
Ku tambayi jarka me ke faruwa.
Daga 1911 garinku ne babban birnin ƙasa,
A 1926 Yamai ta yi ƙwacewa.
Ƙishi na cikin abin da ya kori Nasara,
Dutse kyau gare shi, ba ya shayarwa.
Ɗau layin jarkoki a bakin famfo,
Sannan ka zo Mirya ka sha inuwa.

'Yar Zango:
Kai dai ba a magana sai ka kawo garkarku. Allah ya shirya.

Mai Kyamara:
Baba, na karɓi gyara hannu biyu,
Jiya na bi hanya na sha ƙura.
Na isa Tirmini da la'asar sakaliya,
Na tsaya a gona ina ta lura.
Na ɗaga kyamara, na sauke ta,
Me zan ɗauka? Kara bayan kara.
Wani tsoho ya miƙa sandarsa,
"Daga nan zuwa can," ya ce, bai ƙara.
Sandar na ɗauka da hannun nasa,
Ga shi na sa, Baba, ka huta da jira.
Ƙanwata, ganuwa sai ranar Asabar,
Jarkar Ɗan Mirya kuma tana saura.

Baba Ɗan Birni:
Na buɗe, na ƙara girma, na sa tabarau.

Hannun ya fito, har jijiyoyinsa,
Fuskar ce ka yanke daga gira.
Koma gobe ka kai masa goro,
Ka tambayi wane ne kakansa, ku yi hira.